Caca ta bar shago ta shiga waya: Aikin da ke gaban Kano

Ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, inda ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Ma'ana, tsara harkar caca ko hana ta ya koma hannun gwamnatocin jihohi. A Kano, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, hukuncin ya kawar da hujjar masu shagunan cacar ƙwallo ta cewa lasisinsu daga Abuja yake. Dama tun a watan Oktoban shekarar Hisbah ta fara rufe irin waɗannan shaguna a cikin birni.

Mun yaba da wannan mataki, amma kada a ruɗi kai. Matashin da ke zaune a gidan kallon ƙwallo a Bebeji ko Kiru ba ya buƙatar shago. Waya ce a hannunsa, ga mai POS a bakin kasuwar Kwanar Dangora da zai tura masa kuɗi cikin asusu, ga manhajoji irin su Bet9ja da SportyBet a buɗe dare da rana. Kwaɗon Hisbah ba ya kama wannan ƙofa. Abin ya fi ban tsoro a lokacin kaka, sa'ad da kuɗin shinkafa da masara ke shigowa Tudun Wada da Doguwa, wahalar damina guda ta zama lambobi a fuskar waya.

Ya kamata iyaye da malamai su san lissafin da ke ƙarƙashin harkar, domin ba sa'a ce ke juya ta ba. Ɗauki cacar lambobi irin wadda ake kira Baba Ijebu. Lambobi ne daga 1 zuwa 90, a zaro biyar. Wanda ya zaɓi lamba biyu yana jiran su fito tare, damarsa kusan ɗaya ce cikin 400. Idan ya ci, abin da aka saba biya shi ne ninki 240 na abin da ya zuba. Wato a kowace naira 100 da jama'a suka zuba, kimanin naira 60 ke komawa ga waɗanda suka ci, 40 ta tsaya wurin kamfani da wakilansa. Cacar ƙwallo ma haka take, an riga an cire ribar kamfani tun wajen tsara farashin kowane wasa, kuma duk wasan da mutum ya ƙara a tikitinsa don kuɗin ya kumbura, ƙara nisanta kansa yake da ci. Wanda ya ci sau ɗaya shi gari ke jin labarinsa. Ɗaruruwan da suka yi asara shiru suke yi saboda kunya.

To, me ya rage? Majalisar Dokokin Jihar Kano ta fayyace matsayin cacar intanet a doka, dalla-dalla, har da hukuncin wakilan da ke buga wa mutane tikiti a ɓoye a shagunan cajin waya. Sai dai layukan sadarwa da bankuna suna ƙarƙashin NCC da Babban Bankin Najeriya ne, don haka dole gwamnatin jiha ta zauna da su idan ana son toshe manhajojin ga masu zaune a Kano. Wakilan Kiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa a Majalisar Wakilai suna da bakin magana a nan.

Akwai kuma garaɓasar da bankuna da kamfanonin waya ke yi, a ce ka ajiye kuɗi ko ka sa kati ka shiga ƙuri'ar cin mota. Jama'a na buƙatar malamai da hukuma su bambance musu wacce ce kyauta, wacce ce caca da aka sauya wa riga, tun da 'yan damfara na fakewa da ita suna tura saƙon "ka ci miliyan" ga mutanen karkara.