Jami'a takwas, baki ɗaya: wa ke magana da yawun ɗalibin Damagaram?

Ɗan kasuwar Maraɗi da ya kai ɗansa jami'a, da ma'aikacin Tawa da ke tsakurar albashi yana aika wa ɗiyarsa kuɗin cefane a Damagaram, tambayarsu guda ce duk lokacin da aka ce ƴan makaranta sun ƙaurace wa aji: wa ya yanke wannan shawara, kuma a ina aka yanke ta? Galibi amsar ita ce Yamai. Can ne mazaunin kwamitin zartarwa na USN, uwar ƙungiyar ƴan makarantar Nijar, can ne ofishin minista, can ne ake zaman sulhu. Ɗalibin jaha sai dai ya ji a rediyo cewa an shiga yaji, ya kuma ji a rediyo cewa an janye.

Babu mai adalcin da zai raina tarihin USN. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗalibai suka taso daga jami'a za su ƙetare gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe wuta, uku suka kwanta dama. Jinin nan na cikin abin da ya tilasta wa gwamnati amincewa da tsarin jam'iyyu barkatai kafin ƙarshen shekarar. Da Babban Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 a ƙarƙashin jagorancin André Salifou, USN ta shiga zauren da wakilanta, kafaɗa da kafaɗa da uwar ƙungiyar ƙwadago USTN. Waɗanda suka ci kujerun mulki daga baya, gumin yaran nan suka ci.

Amma Nijar ta wancan lokaci jami'ar gwamnati ɗaya gare ta, wadda aka kafa a 1971, aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Ɗan Agadas da ɗan Difa da ɗan Gaya ɗaki ɗaya suke kwana a Harobanda, layi ɗaya suke bi a gidan abinci, taron gangami ɗaya suke halarta. Magatakardan da aka zaɓa kowa ya san fuskarsa, in ya kauce hanya a nan take ake tare shi. Bakin Yamai a zamanin nan bakin ƙasa ne baki ɗaya, tun da ƙasar ce ta tattaru a Yamai.

Zamanin ya wuce. A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha na IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram a matsayin rassan jami'ar Yamai: ɗalibai na can, shugaban jami'a da majalisarsa na bakin kogin Isa. A 2010 rassan suka zama jami'o'i masu cin gashin kansu. A 2014 aka ƙaro na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, jimilla takwas. Gwamnati ta raba gine-gine da malamai da kasafin kuɗi, ta naɗa wa kowace jami'a shugabanta. Murya ce kaɗai ba a raba ba. An dai kafa rassan ƙungiya a jami'o'in jahohi, kowane da shugabanninsa, amma reshen da ake kira ya fito zanga-zanga, ba a ajiye masa kujera inda ake sa hannu, sunansa ɗan rakiya.

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Difa ya haura 1300. Damuwar ma ba iri ɗaya ba ce. Jinkirin kuɗin bursu kowa na kuka da shi, amma ɗalibin tsohuwar jami'a kukansa cunkoso a ɗakin lacca da ɗakin kwana, na sabuwar jami'a kuwa kukansa malamin da ake jira ya zo daga wani gari ya cusa darasin wata uku cikin mako biyu, da ɗakin gwaji marar kayan aiki, da aji na aro. In aka ɗinke waɗannan koke-koke cikin takarda guda, na mai kusa da ƙofar minista ne ke hawa sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekarar 2017 ta isa misali. Ranar 10 ga Afrilu ɗalibi Mala Bagale ya rasa ransa a Yamai yayin da jami'an tsaro ke tarwatsa zanga-zanga. Gwamnati ta rufe harabar jami'ar Yamai, ta haɗa da ta Maraɗi. Wahalar ta kai jaha, sulhun kuwa a babban birni aka yi shi. Shekara ba ta zagayo ba, a 2018, rikici ya ɓarke tsakanin ƙungiyar malaman jami'a SNECS da reshen ɗaliban Yamai kan kwamitin tsaro na CASO, malamai suka ajiye alli, aka kori wasu shugabannin ɗalibai. Rigimar gida ɗaya ce, amma sunan ɗalibin Nijar ko'ina yake ta shafa wa baƙi.

Masu kare tsohon tsari na cewa haɗin kai shi ne ƙarfi, wai wanda ya ta da zancen jahohi yana yi wa gwamnati aikin raba kan ƴan makaranta. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, gaskiya ne. Sai dai su tuna cewa babu abin da ya fi yi wa mai mulki daɗi, farar hula ne ko soja, irin ƙungiya mai kai ɗaya. Mutum goma da ke zaune gari guda ana iya gayyatarsu liyafa, ana iya yi musu alkawarin aiki ko karatu a waje, in sun ƙi ana iya kwashe su cikin dare ɗaya. Shugabancin da saiwarsa ta kama ƙasa a garuruwa takwas ba ya sayuwa da araha, ba ya kuma shiga mota guda.

Maƙwabta ma sun ba da darasi. A watan Maris na 2024 hukumomin Mali suka rusa AEEM, ƙungiyar da ta taka rawa wajen kifar da Moussa Traoré a 1991. A watan Oktoban shekarar, Côte d'Ivoire ta rusa FESCI. Ƙasashen biyu duka hujjar tashin hankali da makamai a harabar jami'a suka kawo. Ƙungiyar da ta yi nisa da talakan ɗalibi, tarihinta ba ya cetonta ranar da aka zo rufe mata ƙofa.

Gyaran ba ya buƙatar tallafin ƙasashen waje. Kowace jami'a ta samu kujerarta a kwamitin zartarwa, wadda ɗalibanta suka cike da ƙuri'arsu. Duk tawagar da za ta gana da minista ta ƙunshi wakilan jahohi. Kada a rufe aji a wata jami'a sai ɗalibanta sun amince ta hanyar ƙuri'ar asiri, domin ɗaga hannu a gaban ƙarti masu sanduna tsoro yake aunawa. Babban taron ƙungiya ya riƙa zagaya jahohi. Kuɗin da aka tara da sunan ɗalibai a liƙa lissafinsu a allo kowace shekara. Wakilan ɗalibai a majalisun jami'a kuma kowace tsangaya ta zaɓi nata kai tsaye.

Iyaye su ma da nasu laifin. Wanda ya ga fararen shekarun 1990, lokacin da yara suka yi ta komawa gida hannu rabbana ba jarrabawa ba takarda, ya san shekarar da ta salwanta ba ta dawowa. Ɗan kasuwar da ba ya barin yaron shagonsa ya taɓa jika biyar ba lissafi, bai kamata ya bar wasu da bai sani ba su yi ciniki da shekarar ɗansa ba. In yaro ya zo hutu, uba ya tambaye shi sunan wakilinsa, da ranar da ya jefa masa ƙuri'a.