Husufin Wata: Aya Ce Mai Lissafi, Ba Hukunci A Kan Maƙwabci Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A daren 9 ga Janairu, 2001, wata ya yi cikakken husufi. A Maiduguri wasu matasa suka fito suka far wa otal-otal da gidajen giya, suna cewa zunuban da ake aikatawa a ciki ne suka sa wata ya yi zazzaɓi. Ra'ayina shi ne wannan fahimta ta saɓa wa ilimi, ta kuma saɓa wa Sunna.

Husufin wata yana faruwa ne idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi. Shi ya sa ba a ganinsa sai a tsakiyar watan Musulunci, lokacin da wata ya cika. Ba ya aukuwa duk wata, domin hanyar da wata yake bi ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar duniya, sai ya riƙa wucewa ta sama ko ta ƙasan inuwar. Jan da yake yi kuwa hasken rana ne da ya ratso iskar da ke kewaye da duniya ya faɗa masa.

Ga abin da nake so mu tsaya a kansa. Tun zamanin mutanen Babila aka gano cewa husufi yana dawowa da kamanninsa bayan wata 223, zagayen da ake kira Saros. A kalandar Bature shekara 18 ne da kwana 11 da kusan awa 8. A tamu ta Hijira shekara 18 da wata 7. Mu gwada. Husufin 2001 ya zo a Shawwal 1421. Ƙara masa wannan adadi, za ka sauka a Jimada Ula 1440, wato 21 ga Janairu, 2019, kuma a ranar wata ya yi cikakken husufi. Saboda rarar awa 8 ɗin nan, na 2001 da dare muka gan shi, na 2019 da asuba. Na gaba a wannan jerin zai zo 31 ga Janairu, 2037, da rana tsaka a wajenmu, mutanen Asiya ne za su gan shi.

To, ya ɗan'uwa, abin da aka san ranarsa tun kafin a haifi mai zunubin, ta yaya zunubinsa zai zama sanadinsa?

Wani zai ce idan an san lokacin husufi, ina tsoron Allah ya rage? Ai mun san lokacin faɗuwar rana har da mintinsa, wannan bai hana mu tashi mu yi Magariba ba. Suratur Rahman ta sanar da mu cewa rana da wata bisa lissafi suke tafiya. Ke nan lissafin kansa aya ne. Magabata ba su guje shi ba: a shekarar 997 Al-Biruni yana garin Kath, Abul Wafa yana Bagadaza, suka lura da husufi guda, suka yi amfani da bambancin lokacinsa wajen auna tazarar garuruwan biyu.

Sunna kuma a fili take. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta shi da rasuwar. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya umarce su da salla, addu'a, istigfari da sadaka. Duk waɗannan ayyuka ne da mutum yake yi don gyaran kansa. Babu ƙona dukiyar kowa a ciki, babu kaɗa gwangwani don rana ta saki wata.

Shawarata ita ce ka nemi ranar husufi mai zuwa, ka sanar da mutanen gidanku tun da wuri. Idan ya zo, a mazhabar Malikiyya raka'a bibbiyu ake yi kamar nafila, kowa a gidansa, har wata ya washe. Ka fara da lissafin zunubanka kafin na maƙwabci.

Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.