Uba Da Ɗa Da Aikin Kamfani

A gidaje da yawa na Kura da Bunkure ana gardama iri ɗaya. Yaro ya ajiye aikin kamfani ya dawo gida, uba kuwa ya ce ragwanci ne. Kafin mu yanke hukunci, bari mu duba dalilin kowa.

Iyayenmu da suka shiga masaƙu da majemu na Bompai da Sharada a shekarun 1970, da yawansu ba da son rai suka fita ba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Daga baya ƙarancin wutar lantarki da yadin waje mai araha suka sa aka rufe masana'antu da dama. Aiki ne ya bar su. Shi ya sa ransu yakan ɓaci in sun ga mai aiki ya ajiye da kansa.

Magidanta kuwa lissafi suke yi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa yana zuwa gonakinmu har da rani. Mutum ya noma shinkafa da damina, ya bi da alkama ko tumatir. In albashi bai ɗauki haya da kuɗin makaranta ba, sai ya komo gona.

Samari nasu kukan dabam ne. Sau da yawa aikin wucin gadi ake ba su, babu takardar ɗauka, babu fansho, babu sana'ar da za su koya. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya ƙara cinye ladan.

Amma mu tuna, gona ma ba ta da tabbas. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir a yankin nan, manoma suka yi hasara, sabon kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ma ya tsaya.

Saboda haka, ya uba, kafin faɗa ka tambayi ɗanka abu biyu: me ya kore shi, kuma me zai kama? Kai kuma saurayi, kada ka zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Ka ba da sanarwa, ka karɓi takardar shaida, ku rabu lafiya. Mu kuma da muke ɗaukar 'yan ƙodago a gona ko wurin injin casa, mu biya su hakkinsu a kan lokaci.