Shaidar da Aka Mayar da Kwananta Baya

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, kun sani malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki mazajen isnadinta. Wanda suka kama da ƙirƙira kuwa sukan bayyana sunansa, har Ibnul Jauzi ya tara hadisan ƙarya cikin littafi guda domin kada wani ya ruɗu. Likitoci ma suna da irin wannan ƙa'ida. Mai gwada sabon magani yakan rubuta abin da ya gani, masana su tantance, kana a buga a mujalla, in ha'inci ya bayyana a janye rubutun a sanar da duniya. Haka mujallar Lancet ta Ingila ta yi a 2010 da rubutun da ta buga a 1998, wanda ya tsorata iyaye game da rigakafin ƙyanda, aka kuma hana marubucinsa aikin likita.

To, mu dubi abin da ya auku a Kano. A 1996, shekarar da sanƙarau ya ɗauki dubban rayuka a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa ya yi gwaji a kan yara 200. Rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi aka ba su wani sananne. Yara 11 suka rasu, biyar daga nan, shida daga can. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Kamfani ya ce an nemi yardarsu da baki, bai kuwa taɓa amsa laifi ba.

Ajali na Allah ne, ba mu jayayya. Abin da ya tsaya mana a rai takarda ce. Kamfani ya miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka wasiƙa mai nuna cewa kwamitin ɗa'a na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya yarda da gwajin tun kafin a fara. Daga baya ta bayyana cewa sai bayan an gama aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watanta baya, kuma a lokacin gwajin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti. Wannan a fiƙihu sunanta shaidar zur. Mu mutanen Daudawa mun san mai jiƙa auduga domin ta yi nauyi a sikeli. Shi kuɗi kaɗai ya ci, kuma ranar da aka kama shi kasuwa duka take ji.

Nan kuwa kasuwa ba ta ji ba. Gwamnatin tarayya ta naɗa kwamiti, ya gama bincike a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Sai aka kulle rahoton shekara biyar, har jaridar Washington Post ta fito da shi a 2006. Sa'an nan aka shiga kotu a 2007, aka sasanta da Jihar Kano a 2009 bisa dala miliyan 75, iyalai na farko suka karɓi diyya a 2011, yaran da suka rayu sun riga sun zama manya.

A ganinmu ɓoye rahoton nan ya yi ɓarna mai yawa, domin inda hukuma ta yi shiru jita-jita ke yin fatawa. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, Trovan na cikin abin da jama'a suka kafa hujja da shi, ciwon kuwa ya bazu har Sudan da Yaman da Indunusiya, ya nakasa yaran da ba su ci ba, ba su sha ba.

Tun 2007 Nijeriya tana da rubutacciyar ƙa'idar binciken lafiya. Muna roƙon hukuma ta ƙara abu guda: duk kwamitin da ya binciki irin wannan laifi, a buga rahotonsa da Hausa, boko da ajami, a karanta a rediyo cikin watan da ya gama aiki.