Ciwon Motar Gas Da Sanyin Asuba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin da ka saba ba ni, in yi magana a kan motar gas, wadda Turawa ke kira dizal. Ga hunturu ya kama. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka ko Babban Dodo da sassafe a watan Disamba da Janairu ba ya rasa ganin mota ta ƙi tashi, yara na turi, mai ita na share gumi cikin sanyi. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin da a ke ɓarnatarwa. Cikin littafin gyaran motocin ofishinmu, wanda ni ke riƙewa, na sha rubuta kuɗin sauke inji ɗungum, alhali ciwon bai wuce na waya guda ba.

Ya kamata malamai su fara sanin asalin abin. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙago wannan inji, ya kuwa yi aiki sosai a garin Augsburg cikin 1897. Bambancinsa da na fetur shi ne ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska cikin silinda, har ta koma kamar kashi 1 cikin 16 ko 20 na girmanta, ta yi zafin da ya wuce digiri 500. Sa'an nan nozul ya fesa mai cikinta, ya kama wuta da kansa. Watau abu uku ya ke bukata: juyi mai sauri, da zafi, da mai tsarkakakke. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya yi rauni.

To, a fara da kunne. In ka murɗa makulli ka ji kik na juyawa da ƙyar kamar tsohon jaki da kaya, ko kuwa ka ji ƙas kaɗai, fitilu suka dushe, laifin batir ne ko kawunansa da suka yi farar tsatsa. A kankare su, a ɗaure tam. Batirin da zai iya ta da motar fetur ba lalle ya isa ta gas ba, gama matsinta ya fi ƙarfi nesa.

In kuwa inji na juyawa da kyau amma bai kama ba, sai ka sa yaro ya tsaya bayan mota ya duba salansa. A nan ne hikimar ta ke, ko da ya ke kaɗan ne cikin direbobi suka kula. Idan farin hayaƙi mai warin gas na fita, mai ya iso, zafi ne babu. Galibi hita ce ta mutu, watau 'yan sandunan nan da ke ɗumama silinda kafin tashi, waɗanda fitilarsu mai kama da naɗaɗɗiyar waya ke kunnuwa gaban direba. Alamarsu ba ta ɓuya: mota ta yi gardama da asuba, da hantsi kuwa ta tashi bugu ɗaya. Mai lantarkin mota na iya gwada su ɗaya ɗaya da mita cikin ɗan lokaci. Sai an tabbata hita lafiya ta ke, kana a yi zancen ringi da raunin matsi, shi ma akwai ma'auninsa. Bakaniken da ya ce a buɗe inji tun bai auna ba, ka ce masa ka ji, ka nemi wani.

Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya zuwa. Ko matatar mai ta toshe, ko iska ta shiga bututu, musamman ga wanda ya bar tanki ya ƙafe. Motoci da yawa suna da ɗan famfon hannu bisa matata, a yi ta danna shi har ya yi tauri. A nan zan ja kunne. Tsofaffin direbobin Marsandi 911 sun saba sassauta bututun nozul don iska ta fita. Amma ƙananan motocin da a ke kawowa daga Turai, masu sabon tsarin feshi da ya fito cikin 1997, ƙarfin mansu na huda fatar mutum. Kada kowa ya taɓa bututunsu inji na juyi. Irin waɗannan sai a kai su inda a ke jona musu kwamfuta.

Shi man kansa abin tuhuma ne. Gas ɗin jarka na bakin hanya sau da yawa akwai ruwa ko kananzir ciki. Kananzir ba shi da santsin da famfon injekta ke bukata, sannu a hankali ya ke cinye shi, famfon nan kuwa ya fi kusan kome tsada a jikin inji. Araha ba ta ado.

Mota na tafiya kuma hayaƙi bai daina ba da labari ba. Baƙi na nuna iska ta gaza, a fara duba matatar iska, don ƙurar hunturunmu na cika ta da wuri, in ba ita ba ce a duba nozul. Shuɗi, inji na shan baƙin mai ne. Fari mai yawa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, gasket ne, a tsaya nan take.

Saura al'adar nan ta ɗiga fetur a bakin iska don mota ta kama. Ta kan tashi, gaskiya ne, da ƙara kamar an buga guduma, amma fistin da ringi ke biyan bashin. Kada kuma a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15, a bar shi ya huce kafin a sake.

Wani malamin makaranta daga Tudun Wada ya aiko yana tambaya a kan motar da ke zafi a hanyar Kano. In Allah ya kai mu mako mai zuwa zan amsa masa.

Haza wasalam.

Akawu, Birnin Zariya.