KATIN BASHI DA TARKON "KYAUTAR TAFIYA": JAN HANKALI GA MATASANMU NA KUDANCIN KANO

 

'Yan uwa matasa na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, wani talla ya fara yawo a wayoyin hannu da bakunan ma'aikatan banki, wai ga wani kati da za ka riƙe in za ka fita waje, ko Umara ko Dubai ko Sin ko Masar, ka yi ta sayayya ko da ba ka da sisi a asusunka, kuma wai duk abin da ka kashe a tara maka maki, makin nan ya zama tikitin jirgi ko kwanan otal kyauta. Har an fara jin wasu 'yan uwa suna tambayar junansu wane kati ya fi yawan maki, na wannan banki ko na waccan ƙungiyar gama kai? To tun kafin a kai ga wanne ya fi, akwai tambayar da aka tsallake. Shin ya halatta Musulmi ya sa hannu a wannan takarda ma tukuna?

Mu fara bambance abubuwa, don masu tallan da gangan suke cakuɗa su. Katin ATM da ka saba miƙa wa mai POS a Kwanar Ɗangora kuɗinka ne a ciki, in sun ƙare na'ura ta ƙi ka, shi ke nan. Shi kuwa katin bashi, kuɗin banki kake kashewa. Ana ba ka 'yan makonni ka biya ba ƙari, in wa'adin ya wuce ba ka cika ba sai kuɗin ruwa ya hau kan abin da ya rage, wata mai zuwa kuma ruwan ya haifi nasa ruwan. Wannan ita ce ainihin ribar zamanin jahiliyya, wadda mai bin bashi kan ce wa wanda yake bi ko ya biya ko a ƙara masa. Ba ribar kasuwa muke nufi ba, wadda Allah Ya halatta, muna nufin wadda ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara suka sauka a kanta, inda Allah Ya shelanta yaƙi daga gare Shi da Manzonsa a kan wanda ya ƙi bari. Kuma a hadisin Jabir da Imam Muslim ya ruwaito, la'anar ba ta tsaya kan mai ci ba, ta haɗa da mai bayarwa da marubucin da shaidun nan biyu.

Wannan kati ba yau aka haife shi ba, kuma ba don tausayin matafiyi aka ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1958 wani banki mai suna Bank of America ya aika wa mutanen garin Fresno na ƙasar Amurka katuna kusan 60,000 har gida ba tare da sun nema ba. Wannan katin ne ya koma Visa a 1976. A 1981 kamfanin jiragen sama na American Airlines ya fito da tsarin tara wa fasinja maki, daga baya aka ƙulla aure tsakanin bankuna da kamfanonin jirage, banki ya sayi makin da yawa ya riƙa yayyafa wa masu kati kamar yadda ake watsa wa kaji tsaba. Ina aka kwana? A shekarar 2023 bashin katin da ke wuyan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1, ruwan da ake caza a kansa kuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara. Wannan ita ce wayewar da ake so a kawo mana har Riruwai!

To wai wa ke biyan kuɗin "kyautar" nan? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A shekarar 2023 kaɗai kamfanin kati na American Express ya biya kamfanin jirage na Delta kusan dala biliyan 6.8 a kan wannan harka ta maki. Kuɗin nan ta ƙofa biyu suke shigowa. Ta farko, duk sayayyar da aka yi da kati ana yankar wani kaso daga hannun mai kanti, shi kuma sai ya ɗora a kan farashin kaya, har wanda ya zo da tsabar kuɗinsa ma ya biya. Ta biyu, ruwa da tarar jinkiri da ake tatsa daga waɗanda suka kasa biya a kan lokaci, waɗanda galibinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. Su kansu masana tattalin arzikinsu, a wani bincike da Babban Bankin Amurka ya wallafa a 2023, sun ƙiyasta cewa tsarin makin nan yana kwashe kimanin dala biliyan 15 duk shekara daga hannun matalauta da masu ƙarancin ilimi zuwa hannun mawadata. Ashe tikitin da kake murna an ba ka kyauta, hawayen wani talaka ne da ba ka taɓa gani ba. Da irin wannan guzuri za ka je ka yi ɗawafi?

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A ƙaddara ka kashe Naira miliyan 1 da katin a tafiyarka, aka ba ka makin da ya kai kashi 1 cikin ɗari, wato Naira 10,000. A ƙaddara ruwan katin kashi 3 ne a wata. Ka dawo gida, kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa ko kasuwa ta yi sanyi, wata guda ya wuce: Naira 30,000 ta hau kanka, ta haɗiye kyautar har sau uku. In shekara ta zagayo ba ka biya ba, ruwan kaɗai ya haura Naira 425,000. In kuwa da dala aka rubuta bashin, to ka tuna cewa a farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai Naira 500 ba, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ya ci bashin dala 1,000 a tsakanin nan, bashinsa ya ninka uku yana barci. Manomin masara a Doguwa ko na shinkafa a Tudun Wada, wanda kuɗi ke zuwa masa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, ta yaya zai yi tsere da bashin da ke ƙirga kwanaki? Ƙarshenta dai gona ce za ta tafi jingina, ko a sayar da shanun huɗa.

Mun san abin da wasu za su ce. Wai ai ni ba zan bari wa'adi ya wuce ba, zan biya kafin ruwa ya hau, in kwashi makina in yi gaba. Na farko, wa ya ba ka tabbacin gobe? Ciwo da asara da hatsarin hanya ba sa sallama. Na biyu, malaman duniyar Musulmi sun riga sun zauna a kan wannan shubuhar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 12 a birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke a ƙudurinta mai lamba 108 cewa bai halatta a fitar da katin bashin da ke ɗauke da sharaɗin ruwa ba, bai kuma halatta a yi mu'amala da shi ba, ko da mai neman katin ya ƙudurta zai biya a cikin kwanakin da ba ƙari. Dalili kuwa a fili yake: ranar da ka sa hannu, ranar ka yarda da sharaɗin haram. Ƙudurin ya ƙara da cewa ba a sayen zinare ko azurfa ko kuɗin wata ƙasa da irin katin da ba kuɗin mai shi a ciki. Masu zuwa Makka da saƙon sarƙa da awarwaro, sai a kula.

Wasu kuma su ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, Musulunci bai hana bashi ba, aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka. Amma bashin da ɗan uwanka ya ba ka don Allah ka mayar masa daidai, daban yake da wanda aka ɗana maka don a ci da guminka. Haka nan masu cewa ai namu ba na banki ba ne, na ƙungiyar gama kai ne, kuɗinmu ne a tsakaninmu, ruwan ma kaɗan ne kuma a ƙarshen shekara mu ake raba wa. Subhanallahi! Canza suna ba ya canza hukunci. In ƙungiyar ma'aikata ta ba malamin makaranta rancen 100 ta karɓi 110, goman nan ruwa ce, ko an raba ta a masallaci. Wanda ya matsu shi ya biya, wanda yake da rarar ajiya shi ya ci, wato dai abin da ake yi a Amurka ne aka ƙanƙanta shi ya shigo sakatariyar ƙaramar hukuma.

Kada wani ya ce mana ai zamani ne, ba a fita waje sai da shi. Mutanen wannan yanki ba yau suka fara tafiya ba. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, fataucin goro ya kai shi har ƙasar Gwanja da Ankara, kuma fataken zamaninsa da amana da sanayya da maigidan masauki suke juya dukiya daga wannan ƙasa zuwa waccan. Sannan wanda ya jingina da kati kaɗai, shi ma ya ga ta kansa. A 2022 bankunan ƙasar nan suka rage abin da katin Naira zai iya kashewa a waje har zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, ba su sake buɗewa ba sai a tsakiyar 2025. Ɗalibai da 'yan kasuwa nawa aka bari a ƙasashen mutane da roba a aljihu? A 2025 ma an so a tilasta wa alhazai karɓar guzurinsu na dala 500 ta kati, sai da Hukumar Alhazai ta ƙasa ta yi ta kai kuka, saboda mafi yawan maniyyata mutanen karkara ne, kafin Babban Banki ya amince a ba su a hannu. Wanda ke riƙe da makunnin na'ura shi ke da iko da kai, kuma ba a Tiga yake zaune ba.

To mene ne abin yi ga ɗan uwan da tafiya ta kama shi? Abin bai da wuya ga wanda ya nufi tsira. Ka riƙe katin da kuɗinka ne a ciki, ko na asusunka na Naira, ko na asusun dala, ko wanda ake zuba wa kuɗi kafin a tashi. Kuɗin da banki ke karɓa na yin katin, in ƙayyadajje ne na aikin da aka yi, malamai ba su hana ba. Akwai bankunan da aka ba lasisin aiki ba ruwa, kamar Jaiz da ya fara a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, amma ko a can kada sunan Larabci ya hana ka karanta takarda. Ka tambaya a fili: in na yi jinkiri me zai hau kaina, kuma aljihun wa zai shiga? Nawa ake yanka a kan canji? Nawa ake yanka in na ciri kuɗi a na'urar waje? Nawa ne iyakar abin da zan iya kashewa? In ba ka iya Turancin takardar ba, ka kai wa wanda ya iya, ka kuma kai wa malami, kafin ka dangwala hannu. In ka isa can kuma na'ura ta tambaye ka da kuɗin wace ƙasa za a caje ka, ka zaɓi na ƙasar da kake ciki, don ɗaya zaɓin canji ne mai tsada da aka ɓoye. Kada kuma ka rabu da tsabar kuɗi. Riyal a ɗaure take da dala a kan 3.75, wato dala 500 riyal 1,875 ce, ka san lissafinka tun daga gida.

Mai niyyar Hajji kuwa, Allah bai ɗora wa kowa ba sai mai iko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 2020 aka ƙaddamar da tsarin adashin gata na Hajji a Kano, ga kuma adashin da iyayenmu mata suka riƙe shekara da shekaru ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Me zai hana matasan kowace unguwa, daga Gwarmai zuwa Yako, daga Tudun Wada zuwa Burji, su kafa asusun rance don Allah, a rubuta, a sa shaidu, a naɗa amintattu, wanda ya karɓi 100 ya dawo da 100? Wannan ita ce gama kan gaskiya. Muddin ba mu gina namu ba, to kada mu yi mamaki in 'yan uwanmu suka faɗa hannun manhajojin rancen waya, waɗanda ke aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon tozarci in ya yi jinkirin kwana biyu.

'Yan uwa, tsarin da ya ɗaure ƙasar nan da bashi har aka ƙaƙaba mana shirin SAP a 1986, aka kuma kwashi kusan dala biliyan 12 aka miƙa wa ƙungiyar masu bin bashi ta Faris bayan yarjejeniyar 2005, shi ne yanzu ya gama da gwamnati ya juyo kan ɗaiɗaikun mutane. A 2024 har hukuma guda aka kafa a Abuja don yaɗa sayen kaya bashi a tsakanin jama'a. Jiya ƙasa aka ɗaure, yau kai ake nema da sunanka da lambar BVN ɗinka. Saurayin da ya wayi gari yana lissafin ruwan da ya hau kansa, ina zai sami zuciyar neman ilimi, balle ta tsayawa ya faɗi gaskiya a gaban azzalumi? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka duk wanda aka miƙo wa takardar nan, ya nemi layin da aka rubuta ruwa. In ya gan shi, ya mayar musu da alƙalaminsu, ya kuma sanar da ɗan uwansa. Wanda ya riga ya shiga, ya gaggauta biya, ya rufe katin, ya tuba, ƙofar Allah a buɗe take. Allah Ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, Ya kai mu ɗakinsa da guzuri mai tsarki, Ya tsare matasanmu daga ƙangin bashi da rinjayen azzalumai.