Kafin a hau motar dare: maganar gwajin ƙwaya ga direbobi



Idan kana zaune a Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu, ka san yadda tafiya gida take. A yi lodi da yamma, a kwana ana gudu, gari ya waye ana neman Kaduna. Kai kana gyangyaɗi, uwargida da yara sun yi nisa cikin barci, mutum ɗaya ne a motar ba shi da damar rufe ido. Me ke riƙe masa idon? Wani goro ne da shayi mai kauri. Wani kuwa tiramadol ya haɗiya tun a tasha, ya kora da ɗan abin da ake sayarwa a leda.

Wannan ne ya sa maganar gwajin ƙwaya ga direbobi ba ta mutuwa. Shugaban hukumar NDLEA, Janar Buba Marwa, tun da ya kama aiki a 2021 yake kiran a riƙa irin wannan gwaji. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna kusan mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda. Babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa masu riƙe sitiyari ba sa cikin wannan adadi.

Ƙasar da ta fi yin nisa a wannan tsari ita ce Amurka, kuma haɗari ne ya kai ta. A watan Janairun 1987 jiragen ƙasa biyu suka yi karo a jihar Maryland, mutum 16 suka mutu, aka gano direban ɗayan ya sha tabar wiwi. A 1991 majalisarsu ta yi dokar da ta wajabta gwajin ƙwaya da giya ga direbobin manyan motoci da bas, da matuƙa jirgin sama da na ƙasa. Ana gwada mutum kafin a ɗauke shi aiki, da bayan haɗari, da lokacin da aka ga alamar maye a tare da shi, sannan akwai gwajin ba-zata wanda kwamfuta ke zaɓar suna. Wannan na ƙarshen shi ne ke da haƙori, domin wanda ya san ranar gwaji zai iya kame bakinsa na 'yan kwanaki.

To, yaya ake yin sa? Giya da numfashi ake gane ta, a hura wata 'yar na'ura. Sauran kuwa galibi fitsari ne: a tsoma wani ɗan tsinke, cikin mintoci kaɗan layi ya fito. Sai dai akwai abubuwa da ya kamata ka sani, musamman idan kai direba ne ko a gidanku akwai direba.

Na farko, fitsari ba ya cewa mutum yana cikin maye yanzu. Abin da yake cewa shi ne ya sha a kwanakin baya. Tiramadol da kodin kan ɓace cikin 'yan kwanaki, amma wiwi na iya kai makonni a jikin wanda ya saba da ita. Sannan tsinken da ke kama kodin da hodar iblis ba lallai ne ya kama tiramadol ba, domin tiramadol na da nasa tsinken daban. Kamfanin da ya sayi kayan gwaji bai duba wannan ba, ya bar babbar matsalarmu ta wuce ta ƙarƙashin hancinsa.

Na biyu, tsinken na yin kuskure, kuma a nan ne nake so a tsaya. Maganin tarin fuka mai suna rifampicin na iya sa gwaji ya nuna kamar an sha dangin kodin. Maganin efavirenz da wasu masu ɗauke da cutar HIV ke sha na iya fitowa kamar wiwi. Ka duba halin magidancin da ke shan maganinsa a asirce bisa umarnin likita, a kore shi daga aiki a gaban abokansa da sunan ɗan ƙwaya. A Amurka ana raba fitsarin gida biyu, a kai ɗakin bincike a tabbatar, sannan likita ya kira mutumin ya tambaye shi magungunan da yake sha kafin sakamako ya isa wurin mai aiki. Idan za a yi gwajin a tashoshinmu ba tare da wannan matakin ba, to za a zalunci mutane da dama. Don haka, direba, duk maganin da asibiti ya ba ka, ajiye katin a aljihun mota, ka kuma faɗa kafin a karɓi fitsarinka, ba bayan sakamako ya fito ba. Idan ka san ba ka sha komai ba, ka nemi a sake gwadawa a ɗakin bincike.

Ni ina goyon bayan gwajin. Amma ba na yarda a ce shi kaɗai zai gyara hanya. Mafi yawan direbobin da ke shan ƙwaya ba don nishaɗi suka fara ba. Mai mota ya ce lallai kaya su isa gobe, kuɗin mai da na hanya sun cinye riba, direba ɗaya ne ba mai canjinsa. Dokar Amurka ba ta yarda direban babbar mota ya wuce awa 11 yana tuƙi ba sai ya huta awa 10. Mu a nan wa ke ƙirga wa direban tirela awoyinsa tsakanin Apapa da Kano? Ƙungiyoyi irin NURTW da NARTO da hukumar kiyaye haɗurra su ne ya kamata su ɗauki maganar hutu tare da ta gwaji.

Ke kuma uwargida, ke ce za ki fara ganin alama tun kafin kowane tsinke: ya dawo daga tafiya amma barci ya ƙi zuwa, abinci ya ragu, saurin fushi, gumi da rawar jiki idan ya kwana biyu a gida, ko ki tsinci fankon katin ƙwaya a aljihu wajen wanki. Duba lambar da ke jiki. Tiramadol ɗin da aka amince da shi a Najeriya mai 50 ne da mai 100. Mai 200 ko 225 ta bayan fage ya shigo, kuma yawansa na jawo farfaɗiya, wadda kan iya kama mutum yana kan tuƙi.

Kada ki matsa masa ya daina dare ɗaya, domin jikin da ya saba yakan yi bore, da yawa ma abin da ke mayar da su ke nan. A je wurin likita a rage a hankali. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a Legas da na Aro a Abeokuta duk suna da sashen kula da masu shaye-shaye, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Idan zai yiwu, a daidaita fara maganin da lokacin da zai ajiye mota na ɗan lokaci, domin makonnin farko ba na hawa hanya ba ne.